Daga ganye zuwa kwalbar allura: doguwar hanyar maganin sankara da na bairos

Akwai wata fulawa da kusan kowa ya taɓa gani ko da bai san sunanta ba. Ana shuka ta a bakin baranda da harabar makarantu da asibitoci. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, furenta mai kunnuwa biyar, wani fari wani ruwan hoda, kuma dabbobi ba su cika kula ta ba saboda ɗaci. Asalinta tsibirin Madagaska ne, masana tsirrai na kiranta Catharanthus roseus. Daga jikinta aka fitar da magungunan sankara biyu da har gobe ake ɗura wa yara da manya a asibitocin duniya. Labarinta ya isa ya nuna abin da ke gaskiya da abin da ke yaudara a maganar da muke yawan ji, cewa maganin kowace cuta yana daji.

A shekarar 1952 wani likita a Jamaika ya aika wa Dakta Clark Noble a Kanada ambulan ɗauke da busassun ganyen fulawar, ya ce mutanen can na dafa shi kamar shayi don ciwon suga. Clark ya miƙa wa ƙanensa Robert Noble na Jami'ar Western Ontario. Aka gwada a jikin dabbobi, suga bai sauka yadda ake fata ba. Da aka yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen kuwa, sai suka riƙa mutuwa cikin 'yan kwanaki. Aka duba, aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙare, ɓargo ya daina ƙera sababbi. Da wani ne, nan zai tattara ganyen ya watsar, ya ce guba ce. Shi Noble sai ya tuna da sankarar jini, cutar da fararen ƙwayoyin jini ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su kashe mai ita. Abin da ya karya ɓargon ɓera mai lafiya, me zai hana ya taka wa wannan burki? Shi da wani masanin haɗa sinadarai, Charles Beer, suka shafe shekaru suna tace ganyen, har a 1958 suka ware sinadarin vinblastine. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya ware ɗan'uwansa vincristine, aka amince da shi a 1963.

Masu shan shayin a Jamaika sun yi gaskiya cewa ganyen na da aiki a jiki, amma ba su dace da cutar ba. Ilimin gargajiya ya nuna ƙofa, bai faɗi abin da ke cikin ɗakin ba. Sannan sinadarin ɗan mitsitsi ne ƙwarai: sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya, kuma yana cakuɗe da wasu sinadarai fiye da ɗari a cikin tsiron. Idan aka sha shi ta baki hanji ba ya tsotsarsa yadda ya kamata, dole sai ta jijiya, gwargwadon nauyi da tsawon majinyaci. In aka wuce awo ya lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Saboda haka wanda ya tsinki fulawar a ƙofar gida ya dafa wa mai sankara bai ba shi vincristine ba, ya dai ba shi tsimin da zai iya cutar da shi.

Yadda maganin ke aiki shi ne ya bayyana dalilin wahalar kemo, wato ɗurin magungunan sankara. Jiki an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana rabuwa biyu idan ana bukatar sabuwa. Kafin ta rabu sai ta kafa wasu siraran sanduna a cikinta, su ja kayan gado zuwa ɓangare biyu, sannan ta kwance su, kamar yadda 'yan kasuwar ƙauye ke kafa rumfa da safe su kwance da yamma. Vincristine na hana kafa rumfar. Ƙwayar da ta kasa rabuwa sai ta mutu. Sankara ta fi kowa saurin rabuwa, don haka ita ta fi jin jiki, amma ɓargo da tushen gashi da fatar cikin baki da hanji su ma masu saurin rabuwa ne. Daga nan zubewar gashi da gyambon baki da raunin jini suke. Duk da haka, a farkon shekarun 1960 yaron da ya kamu da sankarar jinin da ta fi yawa a yara da wuya ya tsira, ko ɗaya cikin goma ba sa kaiwa. Yau a ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma na warkewa, kuma vincristine na cikin haɗin magungunan da suka kawo wannan sauyi. Yana kuma cikin abin da ake ba yaranmu masu sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙi, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

Sa'a irin ta Noble ba kullum take zuwa ba, shi ya sa aka mayar da neman ya zama tsari. Ana zuwa daji a ɗebo ganye da sassaƙe da saiwa, a rubuta wuri da lokaci, a matse reshe ɗaya a adana domin a tabbatar da ainihin sunan tsiron. A shanya, a niƙa, a jiƙa a ruwa ko wasu sinadarai masu narkarwa. Jiƙon da aka samu sai a ɗiga shi kan ƙwayoyin sankara ko na bairos da ake renon su a ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Idan ya kashe su, aiki ya fara ke nan. Za a raba jiƙon kashi-kashi, a gwada kowane kashi, a ɗauki mai ƙarfin a sake raba shi, haka dai har a kai ga sinadari guda tsantsa, kamar mai rairayar zinariya daga tulin yashi. Sai a gano yadda aka gina shi, a gwada a ɓeraye da karnuka don sanin gubarsa, sannan a zo kan mutane a matakai uku: nawa jiki zai iya ɗauka, yana aiki ko ba ya yi, kuma ya fi maganin da ake da shi ko bai fi ba. Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa a Amurka ta bi wannan hanya daga 1960 zuwa farkon shekarun 1980, ta gwada jiƙo sama da 100,000 na tsirrai. Waɗanda suka zama magani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Babba a cikinsu shi ne taxol. A watan Agustan 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wata bishiya mai suna Taxus brevifolia a dajin jihar Washington. Bishiya ce da masu yankan katako ba su ɗauke ta bakin komai ba, sukan ƙone ta da tarkace. Monroe Wall da Mansukh Wani suka karɓi aikin tacewa a Arewacin Karolina. Daga kilo 12 na busasshen ɓawo suka samu kimanin rabin giram, kuma sai a 1971 suka wallafa siffar sinadarin. Daga nan ya kusa mutuwa a kan kanta, domin ba ya narkewa a ruwa, samunsa da wuya, ba wanda ya san yadda yake aiki. A 1979 Susan Horwitz ta Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York ta gano abin da ba a taɓa gani ba. Taxol ba ya hana kafa rumfar nan, barin ta yake a kafa sannan ya sandarar da ita ta ƙi kwancuwa, ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa. Wannan ne ya farfaɗo da sha'awar masu bincike. Aka fara gwaji a jikin mutane a 1984, aka narka shi a wani mai da ake sarrafawa daga man zurma, wanda shi kansa ya riƙa tayar wa majinyata da borin jini har sai da aka koyi yadda za a kare su. A 1989 likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka ba da rahoton cewa kusan uku cikin goma na matan da sankarar ƙwan mahaifa ta gagari sauran magunguna sun samu sauƙi. A Disambar 1992 aka amince da shi. Shekara talatin da 'yan watanni daga ranar da aka sassaƙi ɓawon.

Nasarar ta zo da tata damuwar. Bishiyar ba ta saurin girma, kuma da an sassaƙe ta sai ta mutu. Majinyaciya ɗaya na iya cin ɓawon tsofaffin bishiyoyi uku ko fiye. Da an ci gaba a haka da an ƙarar da dajin ba a wadatar da marasa lafiya ba. Mafita ta fito daga masu haɗa sinadarai: Pierre Potier a Faransa ya gano cewa ganyen 'yar'uwar bishiyar ta Turai na ɗauke da wani sinadari da ya yi rabin hanya zuwa taxol, ganye kuma ana tsinka ya sake toho. A cikin wannan aikin aka samu wani maganin, docetaxel. Yanzu har renon ƙwayoyin bishiyar ake yi a manyan tankuna a Jamus, ba tare da an taɓa daji ba.

Ba tsirrai kaɗai ba ne. Matar da ake ɗura wa jan ruwan nan na kemo saboda sankarar mama a Kano ko Zariya ko Yamai, doxorubicin ake ba ta, kuma asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da aka samu a turɓayar kusa da tsohuwar fadar Castel del Monte a kudancin Italiya. Ƙananan halittun cikin ƙasa suna yaƙi da juna da guba tun fil azal, mu kuma muna aron makamansu. Shi ma yana da iyaka, idan jimillar abin da aka sha a rayuwa ta wuce wani awo yana raunana zuciya.

Teku ce ta haɗa labarin sankara da na bairos wuri guda. A tsakiyar shekarun 1940 Werner Bergmann na Jami'ar Yale ya ɗebo wani soson teku a gaɓar Florida, a farkon shekarun 1950 ya bayyana wasu sinadarai biyu a cikinsa masu kama da tubalan da ake gina zaren gado, wato DNA, sai dai ɓangaren sukarinsu ya ɗan bambanta. Duk abin da ke son hayayyafa, ƙwayar sankara ce ko bairos, sai ya kwafi zaren gadonsa tubali bayan tubali. Idan aka miƙa masa tubalin toka ya ɗauka na gaske ne, ginin ya tsaya. Bisa wannan dabara aka haɗa cytarabine, wanda aka amince da shi a 1969 don sankarar jini, da vidarabine a 1976, ɗaya daga cikin magungunan bairos na farko. Maganin ƙanjamau na farko, AZT na 1987, da tenofovir da lamivudine da masu ƙanjamau da masu ciwon hanta ke sha a yau, ba daga soso aka tatso su ba, amma duk tubalan toka ne irin wancan.

A fagen bairos girbin bai kai na sankara ba, kuma da dalili. Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, tana da bango da kayan aikinta da za a iya hara. Bairos kuwa kusan ba shi da komai nasa, shiga yake cikin ƙwayar jikin mutum ya yi amfani da kayan gidan. Wuraren da za a buge shi ba a bugi mai gida ba kaɗan ne, ga shi da saurin sauya kama. Misalin da aka fi ambata shi ne Tamiflu, maganin mura da aka amince da shi a 1999. Ana fara haɗa shi da sinadarin shikimic da ake tatsa daga wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro da ake nomawa a kudancin Sin. Lokacin fargabar murar tsuntsaye a 2005, wadda ta iso wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006, har ƙarancin wannan ɗan itace aka yi. Amma shikimic ɗin kansa ba ya kashe bairos ɗin mura. Ɗanyen kaya ne kawai, sai ya bi matakai kusan goma na sarrafawa kafin ya zama magani.

Waɗanda suka faɗi a hanya sun fi yawa nesa ba kusa ba. A 1987 aka ɗebo ganyen wata kurangar daji a gandun Korup na Kamaru, aka samu sinadarin michellamine B da ya hana bairos ɗin ƙanjamau hayayyafa a faranti. Murna ta kai har an fara noman tsiron a kewayen gandun. Da aka zo gwajin dabbobi sai aka ga awon da ke aiki ya yi kusa da awon da ke cutarwa, aka ajiye shi. A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da wani jiƙo ya ce maganin korona ne, aka aika wa ƙasashe har da Najeriya da Nijar. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba, ta tarar mafi yawansa tazargade ne, kuma ba a samu hujjar cewa yana warkar da korona ba. Tazargade ba tsiron banza ba ne, daga irinsa Tu Youyou ta Sin ta fitar da artemisinin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma maganin maleriya bai zama maganin bairos ba don shugaban ƙasa ya kurɓa a gaban kyamara.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Na sha ganin saƙonni a WhatsApp cewa "bincike ya tabbatar" ganyen tuwon biri ya fi kemo ƙarfi sau dubbai. Abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne an ɗiga sinadaransa kan ƙwayoyin sankara a faranti sun mutu. Ruwan bilic ma zai kashe su a faranti. Tambayar ita ce, in an sha, zai tsallake ciki da hanta ya isa ga ƙarin da ƙarfinsa, ya kashe shi ya bar mai shi da rai? Babu gwajin mutane da ya nuna haka ga tuwon biri. Abin da aka gani a tsibirin Gwadalup na yankin Karibiyan a 1999 shi ne alaƙa tsakanin yawan shan ganye da 'ya'yan wannan dangi da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kama da ciwon karkarwa. A Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro ɗan dangin duman dutse, wasunsu suka kamu da sankarar hanyar fitsari daga baya. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma mafi yawa tana nufin an duba ba a ga cutarwa nan take ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Mace ta ji ƙullutu a mama, ta shafe wata takwas ana jiƙo da shafe-shafe, ranar da aka kai ta asibiti ciwon ya riga ya fashe ya shiga ƙashi. Taxol ɗin da zai iya taimakonta a farko, shi ma daga sassaƙe ya fito.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan a matsayin raina daji. David Newman da Gordon Cragg, waɗanda suka daɗe suna ƙidayar asalin magunguna, sun lissafa cewa daga 1981 zuwa 2019 an amince da ƙananan sinadarai 185 na sankara, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari ko dai daga halitta aka samo su, ko an gyara na halitta, ko an kwaikwaye shi. Wanda aka yar ma yakan dawo. A 1972 Morris Kupchan ya ware maytansine daga wani tsiro na ƙasar Habasha. Ƙarfinsa ya wuce misali, gubarsa ma haka, aka daina gwada shi. Bayan shekaru aka koyi ɗaura irin wannan guba a jikin wani furotin na garkuwar jiki da ya san ƙofar gidan ƙwayar sankara, ya zama ɗan aiken da ke kai ta can kai tsaye. A 2013 aka amince da Kadcyla don wani nau'in sankarar mama, shekara 41 bayan ganowar farko.

Namu dajin fa? Geza da sabara da marke duk dangi ɗaya ne da bishiyar Afirka ta Kudu da George Pettit ya fitar da combretastatin daga ɓawonta a shekarun 1980, sinadarin da ke toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, ko da yake har yau bai samu amincewa ba. Zama dangi ba hujja ba ce cewa geza na maganin sankara, dalili ne dai na a duba da kyau. Ɗalibanmu a sassan harhaɗa magunguna suna dubawa, amma aikin yakan tsaya a ɗanyen jiƙo da 'yan ɓeraye, a rubuta kundi a samu digiri a sa a kanta. Matakin rarrabewa har zuwa sinadari guda na bukatar na'urori masu tsada, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin shekara goma ba na zangon karatu ɗaya ba. An taɓa nuna cewa za a iya. NIPRD ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na ciwon sikila, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta rubuta yarjejeniyar ba shi kasonsa, ta daidaita awo, ta gwada a jikin majinyata, ya fito da sunan Niprisan. Wannan yarjejeniya tana da muhimmanci, domin mai magani ba zai buɗe bakin jakarsa ba in ya san za a kwashe a bar shi. Madagaska ba ta ci ribar fulawarta ba, kuma irin wannan ƙorafi ne ya haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce a nemi izinin ƙasa da al'umma kuma a raba amfani.

Sai dai yarjejeniya na bukatar a tarar da bishiyar a tsaye, mu kuwa kullum tireloli na fitowa daga dazuzzukanmu shaƙe da buhunan gawayin marke da ƙirya. A 1987 masu tattara tsirrai suka ɗebo ganye da rassan wata bishiya a fadamar Sarawak ta ƙasar Maleshiya. Bayan 'yan shekaru gwaji ya nuna sinadarinta, calanolide A, yana dakatar da bairos ɗin ƙanjamau. Aka koma da sauri don ƙaro samfur, aka tarar an sare bishiyar. Aka bi makamantanta a kewayen, ba su ba da sinadarin ba. Sai a lambun adana tsirrai na Singafo aka samu ainihin irinta, cikin itatuwan da aka tattaro aka shuka fiye da shekara ɗari kafin nan, lokacin da ba wanda ya taɓa jin sunan ƙanjamau. Da su aka tabbatar da nau'in, aka koma Sarawak aka nemo sauran, gwamnatin jihar kuma ta hana sare su.